Kiɗin inji da gangar noma

 

An yanke gero, an ɗaure dammuna, an rore wake. Yanzu lokacin biki ne. Daga Magariya zuwa Bande, daga Waca zuwa Dungas, ko'ina ana ɗaurin aure.

Amma duk wanda ya je biki cikin ƴan shekarun nan ya ga canji. Da dare za ka ji kiɗi kamar ƙasa za ta tsage. In ka matsa kusa ba ka ganin makaɗi ko ɗaya. Ba kalangu, ba ganga, ba maroƙi. Sai yaro guda bayan tebur, da janareta, da manyan akwatuna baƙaƙe. Samari suna ce mishi dije. Tsofaffi kuwa suna tambaya: wa ke kaɗa gangar nan da ba ta gajiya?

Amsa ita ce: inji ne. A wannan wata za mu duba yadda inji ke kiɗi, da inda abin ya faro, da abin da ya shafe mu a ciki.

YADDA INJI KE KIƊI

Mu fara da gangar da muka sani. In makaɗi ya buga fata, fatar tana karkarwa. Karkarwar ta kaɗa iska, iskar ta shigo kunne. Shi ne muke ji.

Akwatin dije ma haka yake. A cikinshi akwai faifai na takarda mai kauri, da mayen ƙarfe a bayanshi. Wutar lantarki ke tura faifan gaba da baya da sauri. Ɗora hannunka a kan akwatin, za ka ji yana karkarwa kamar fatar ganga.

Masu wannan kiɗi suna aiki da inji iri 3.

Na farko shi ne fiyano, allo mai haƙora farare da baƙaƙe. Ba shi da tsirkiya, ba shi da fata. In ka taɓa wani maɓalli ya yi kukan sarewa. In ka taɓa wani ya yi kukan goge.

Na biyu shi ne akwatin ganga. Sau ɗaya ake tsara mishi bugu. Daga nan zai yi ta maimaitawa har gari ya waye, ba ya sauri, ba ya jinkiri. Kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da wani irinshi a 1980, mai suna TR-808, wanda ya yi suna a duniya.

Na uku shi ne mai kama ƙara. In an buga guduma a kan ƙarfe, ko wani ya yi magana a radiyo, sai ya kama ya ajiye. In an taɓa maɓalli ya sake fito da ƙarar, ko sau nawa ake so.

A da kowane da akwatinshi, kuma da tsada. Yau duka ukun suna shiga cikin kwamfuta guda, har ma cikin wayar salula.

INDA ABIN YA FARO

Wannan kiɗi ya yi ƙarfi ne a Turai, a ƙasashe masu manyan masana'antu. Yaro ya tashi yana jin injuna dare da rana. Ubanshi yana aiki a gidan narka ƙarfe, ko a ramin haƙar kwal irin namu na Anu-Araren. Da waɗannan yara suka girma, sai wasu suka ce: ƙarar da muka tashi da ita, da ita za mu yi kiɗi.

A birnin Duseldof na ƙasar Jamus an kafa wata ƙungiya a 1970, mai suna Kraftwerk. Ma'anar sunan ita ce gidan wutar lantarki. A 1977 suka fitar da kiɗi mai kwaikwayon tafiyar jirgin ƙasa a kan dogo.

A 1980 wasu matasa suka kafa tasu ƙungiya a Barlin ta Yamma. Sunanta Einstürzende Neubauten, wato sababbin gine-gine masu rushewa. Mai gangarsu ya rasa kuɗi, ya saida gangunanshi. Sai ya tattaro tsofaffin ƙarafa ya haɗa, ya riƙa bugawa. Daga baya suka riƙa hawa dandali da guduma da injin huda bango.

A Landan kuma akwai Test Dept, masu buga tankuna da ƙarafan bola. Lokacin da mahaƙan kwal na Ingila suka yi babban yajin aiki daga 1984 zuwa 1985, ƙungiyar ta tsaya tare da su. Suka yi faifai guda tare da mawaƙan mahaƙan Wales ta Kudu, don a taimaki masu yajin.

Irin wannan kiɗi shi Turawa ke kira kiɗin masana'anta.

ƘUNGIYAR FRONT 242

Kiɗin masana'anta na farko hayaniya ce mai tsanani, ba kowa ke iya taka rawarshi ba. Cikin waɗanda suka maida shi kiɗin rawa akwai wata ƙungiya ta ƙasar Beljik. Sunanta Front 242.

Samari 2 suka kafa ta a 1981, a wani ƙaramin gari mai suna Aarschot. Su ne Daniel Bressanutti da Dirk Bergen. A 1982 Patrick Codenys ya shigo, tare da Jean-Luc De Meyer wanda ya zama mawaƙinsu. A shekarar suka fitar da babban faifansu na farko. Bayan shekara guda Richard Jonckheere ya shigo, mai bugu da amshi.

A farkon shekarunsu ba su amfani da gita. Injunan nan 3 su ne kayan aikinsu. Akwatin ganga yana bugu mai nauyi, ba tsayawa, kamar injin niƙa. Fiyano yana maimaita ƴar gajeriyar murya. Mawaƙi kuma ba ya jan waƙa da daɗi. Yana jefa kalmomi gajeru kamar mai ba da oda. A tsakani sai su saka muryoyin da suka kama daga radiyo da talabijin: mai karanta labaru, mai wa'azi, soja.

Wani abin mamaki shi ne, in suna wasa Daniel ba ya hawa dandali. Yana tsayawa can wajen ƴan kallo, gaban teburin injuna, yana daidaita ƙara. Ke nan babban makaɗin ba a ganinshi, kamar dai yadda tsofaffinmu suka lura a wurin dije.

A 1984 suka fitar da faifai mai suna No Comment. A jikinshi suka rubuta wa kiɗinsu suna da Turanci, ma'anarshi kiɗin lantarki na jiki. Wato ba na zama a saurara ba ne, na tashi a yi gumi ne. Sunan ya bi duk masu irin wannan kiɗi. A 1988 suka fitar da waƙarsu da ta fi shahara, Headhunter, aka yi ta rawarta a Turai da Amurka.

Suna hawa dandali da tufafi irin na soja, cikin hayaƙi da walƙiyar fitilu. Saboda haka wasu suka zarge su da bin aƙidar masu ƙin baƙi. Su kuwa sun musanta. Ya kamata mu san zamanin da suka tashi. Amurka da Rasha suna girke makamai a Turai, kowa yana tsoron yaƙi. Gidajen ƙarfe suna rage ma'aikata. Ramukan kwal suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe na ƙarshe a Beljik a 1992. Tsoron nan da ƙarar injunan nan su suka zuba cikin kiɗinsu.

Sun yi fiye da shekara 40 suna wasa. A watan Janairu na 2025 suka yi wasanninsu na bankwana a Buruksel, babban birnin ƙasarsu.

Ku riƙe wannan: ba su je sun aro kukan wasu ba. Abin da ke ƙofar gidansu shi suka zuba wa inji.

MU MA MUNA DA KIƊIN AIKI

Wani zai ce wannan abin Turawa ne, ba ruwanmu. To mu duba gida.

Mata 3 sun tsaya kan turmi guda suna lugude. Wannan ta sauke taɓarya, wannan ta ɗaga. Wata ta jefa tata sama, ta tafa, ta cafe. Aiki ne, kuma kiɗi ne.

Je maƙera ka saurara. Zuga-zugi yana numfashi, masaba tana sauka kan uwar maƙera. Maƙera ma suna da gangarsu ta gado, dundufa. Mahauta suna da kalangu. Manoma suna da gangar noma. Makiyayi yana da sarewarshi a bayan garke. Kowace sana'a da kiɗinta.

Ko maganar kiɗi da kayan bola ba sabuwa ba ce gare mu. Kuntigi, irin wanda Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, da gwangwanin kifi ake yinshi, a rufe da fata, a ɗaura tsirkiya guda. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, wato yaron da ke wahala bayan babbar mota. Ya rasu a 2015, amma har yau ana jin waƙoƙinshi.

Ƙarar masana'anta ma mun taɓa jin ta. Tsofaffin Magariya ba su manta da gidan man gyaɗa na SEPANI ba, zamanin da gyaɗa ke da daraja. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, daga baya injunan suka yi shiru. Yadda mahaƙin Beljik ya ji da aka rufe raminshi, mai aikin gyaɗa na nan ya san shi.

Sai dai akwai bambanci babba guda. Ranar gayya, mai gangar noma yana bin manoma kunya kunya. Yana ganin wanda ya gaji. Sai ya kaɗa mishi takenshi, ya kira sunan ubanshi da kakanshi. Nan take mutum ya ji ƙarfi ya dawo, ya duƙa da hauya. Makaɗi yana da ido, ya san kowa. Inji ba shi da ido. Bai san ɗan sarkin noma ba, bai san baƙo ba. Abin da aka zuba mishi kaɗai yake faɗi.

ƊAN NIJAR DA YA FARA

A ƙasarmu akwai wanda ya gane haka tun da wuri. Sunanshi Mamman Sani Abdullahi, mutumin Yamai.

Ya yi aiki da hukumar Unesko. A wajen wani taro ya haɗu da wani mutumin Ruwanda mai fiyano na lantarki, ƙirar Orla ta ƙasar Italiya. Ya saye shi. Tun wajen 1974 yake kaɗa shi.

Da ya so, da ya kwaikwayi kiɗin Faransa ko na Amurka. Bai yi haka ba. Ya ɗauki tsofaffin muryoyin ƙasarmu: tende na Abzinawa, waƙoƙin Fulani Bororo, da na makiyayan Sahel. Ya koya wa inji su. Ya kuma tsara nashi, kamar kiɗin da ya sa wa suna Salamatu.

A 1978 ya shiga gidan radiyon ƙasa da fiyanonshi. Aka ɗauki kiɗin sau 2, aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Tare da ma'aikatar al'adu aka fitar da shi a kaset, amma kaɗan aka buga. Duk da haka kiɗin ya shiga ko'ina. Shekara da shekaru radiyo da talabijin na ƙasa suna saka shi tsakanin shiri da shiri. Mutane da yawa sun san muryar, ba su san mai ita ba.

Kiɗinshi ba mai tsanani ba ne irin na Front 242. Mai sanyi ne, a hankali yake tafiya kamar ayarin raƙuma. Amma hanyar guda ce: kowa ya zuba wa inji abin da ya tashi yana ji.

Bayan shekara 35, a 2013, wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga kaset ɗin nan a faifai. Sai duniya ta ji. Aka gayyaci Mamman Sani ya yi wasa a Turai, can inda aka ƙera injin.

Wani ya biyo sawunshi a Yamai, ana ce mishi Hama. Ya yi aikin direba, yana kuma kaɗa fiyano ƙirar Yamaha. Ya ɗauki muryoyin gargajiya na Abzinawa ya maida su kiɗin rawa. Kiɗinshi ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, ba a ma san sunanshi ba. A 2015 aka buga faifanshi mai suna Torodi, a 2019 aka buga Houmeissa.

Mafi yawan abin da dije ke saka mana kuwa daga Kano yake zuwa. Tun shekarun 1990 masu waƙoƙin fim na Hausa suka koma ga fiyano. Da farko a kaset yake shigowa ta Maigatari da Ɓaɓura. Yau a katin waya yake zuwa.

RIBA DA HASARA

Ba mu ce inji mugun abu ba ne. Injin niƙa ya hutar da matanmu daga dutsen niƙa, mun gode Allah. Fiyano ma ya ba samari da dama abin yi. Yaron da ba ɗan makaɗa ba ne, yanzu yana iya koyon kiɗi ba wanda zai hana shi. Hausawa sun ce in kiɗi ya sake, rawa ma sai ta sake.

Amma mu yi lissafi kamar yadda muke yi bayan girbi.

Hasara ta farko ta makaɗa ce. Da kaka suke samun abin shekara: damin gero, akuya, riga. In kowane biki dije aka kira, mi za su ci? In uba ba ya samu, ɗa ba zai koya ba. Zai tafi ci-rani Kano ko Agadas. Ranar da tsohon ya kwanta dama, taken gidaje 100 ya bi shi kabari.

Hasara ta biyu ta waƙa ce. Da dutsen niƙa ya tafi, waƙar niƙa ta bi shi. Ku tambayi ƴan mata na yanzu, nawa suka iya ta? Gayya ma tana raguwa. In ba gayya, ina gangar noma za ta yi kuka?

Hasara ta uku ta kunne ce. Ƙara mai tsanani tana kashe ji a hankali, kuma jin da ya mutu ta haka ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da miliyan 1000 suna cikin wannan haɗari. Ga alama mai sauƙi. In sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. In ka koma gida kunnenka yana ƙugi, ta fara yi maka lahani. Mata masu goyo, kada ku tsaya gaban akwatin da jariri a baya.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba sai mun jira wani daga Yamai ko daga Amurka ba. Ga abubuwa 4 da ke hannunmu.

Na ɗaya. In za ka yi biki, kada ka manta da makaɗin garinku. In samari suna son dije, a raba lokaci: makaɗi da rana da yamma, dije bayanshi. A biya makaɗi hakkinshi a gaban jama'a, don ɗanshi ya ga sana'ar tana da daraja.

Na biyu. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Je wurin tsohon makaɗi da girmamawa, ka gaishe shi, ka nemi izini. Ka ce: Baba, kaɗa mana taken gidanmu mu ajiye. Ƴan mata su je wurin kakanninsu su ce: Iya, yi mana waƙar niƙa da ta daɓe. A tura wa mutum 2 ko 3, don in waya guda ta lalace kada abin ya ɓata.

Na uku. Ku da kuka koyi karatu a cibiyar yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da ku. Ku rubuta kalmomin a littafi. Ku sa sunan mai waƙar, da garinshi, da shekarar da kuka rubuta. Kowace cibiya ta yi littafinta. Waya tana faɗawa rijiya, amma littafin da aka adana yana kai wa jikoki.

Na huɗu. Samari masu fiyano da kwamfuta, ku daina maimaita na wasu kaɗai. Ku je maƙera ku kama ƙarar masaba. Ku kama lugude, ku kama dundufa, ku kama kukan shanu a bakin rijiya. Ku zauna gaban mai gangar noma ku koyi bugunshi. In kun sami kuɗi da abin da ya koya muku, ku ba shi rabonshi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ku tuna da kaset ɗin Mamman Sani. Don an ɗauka a 1978 ne aka same shi a 2013. Da ba a ɗauka ba, da ba abin da za a samu. A Guci, a Malawa, a Yekuwa, a Sasumburum, akwai tsofaffin da suka san abin da ba ya cikin kowane kaset. Suna nan da ransu yau. Kada mu bari sai baɗi.

Ku tattauna wannan magana a cibiyoyinku. Makaɗa nawa suka rage a garinku? Wa ke koyo a wurinsu? Yaushe aka yi gayya ta ƙarshe da ganga? Ku rubuto wa jaridarku amsa da hannunku.

Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma, ya ba amare da angwaye zaman lafiya. Amin.